Abin da Lakar Tafkin Tilla Ta Adana

Shekaru kusan 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada, Afirka ta Yamma tana cikin fari mai tsanani. Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Chadi ya kusa ƙafewa ƙurmus. Tuddan rairayin da ake nomawa yau a gabashin ƙasar Hausa ragowar irin wannan busasshen zamani ne, kuma masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi bayaninsu a 1958. To amma yaya aka san tsirran da suka rayu a lokacin, alhali babu wanda ya rubuta?

Amsar tana cikin ƙurar fure. Kowane tsiro yana sakin ƙura mai siffar da ta keɓanta da danginsa, ɓawonta kuma ba ya ruɓewa idan ya nutse cikin lakar da iska ba ta shiga. A 1916 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lennart von Post, ya nuna cewa idan aka ƙirga wannan ƙura hawa-hawa, daga ƙasan laka zuwa samanta, za a karanta yadda daji ya sauya. Abin da ya rage shi ne sanin shekarun kowane hawa. Willard Libby ya buɗe wannan ƙofa a ƙarshen shekarun 1940 da awon kabon-14, sinadarin da rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekaru 5,730.

Tafkin Tilla, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta kusa da Biu a Jihar Borno, wuri ne da ya dace da wannan aiki. Ulrich Salzmann da abokan aikinsa sun haƙo lakarsa, suka wallafa sakamakon a 2002. Lakar ta ƙunshi tarihin shekaru fiye da 17,000. A can ƙasa ƙurar ciyawa ce ta fi yawa, alamar fili mai ƙarancin itatuwa. Ruwan tafkin ya soma ƙaruwa sannu a hankali, sai fari ya sake katse shi. Mai yiwuwa wannan farin ya zo daidai da sanyin da ya komo Turai tsakanin shekaru 12,900 da 11,700 da suka wuce. Bayan haka tafkin ya cika cikin hanzari, itatuwa suka bazu, har da zaitun na kan tsauni, wanda ke nuna cewa yankin ya fi yau sanyi.

Dalilin wannan ni'ima yana sararin samaniya. Yadda duniya ke karkata a zagayenta na rana ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin duniya, ƙasa ta ɗumama, ta jawo iskar damina daga Tekun Atlantika har cikin Sahara. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, gaɓarsa ita ce tudun Bama da ya ratsa ta Maiduguri. Kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a Yobe ta yau, mai shekaru kimanin 8,000, ɗan wannan zamani ne.

Muhimmancin binciken ya wuce son sani. A zamanin mulkin mallaka, masana gandun daji irin su E. P. Stebbing, wanda ya yi gargaɗi kan kutsowar Sahara a 1935, sun ɗora laifin bushewar yankin a kan gatarin manomi da wutar makiyayi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kurmi ne aka sare har ya zama fili. Lakar Tilla ta nuna cewa ko a lokacin da damina ta fi albarka, abin da ke wurin daji ne mai yawan itatuwa da ciyawa a tsakaninsu, kuma gobarar daji tana tashi akai-akai. Bushewar ta soma tun kimanin shekaru 8,000 da suka wuce, ta ci gaba a hankali.

Wannan bai wanke masu sare itatuwa a yau ba. Sai dai duk mai tsara dashen itatuwa a Borno ko Jigawa ya kamata ya san irin dajin da ƙasar ta taɓa ɗauka, da yawan ruwan saman da ya raya shi, kafin ya yi alkawarin maido da shi.