Manhajojin Ƙari Na Burauza: Yadda Suke Cin Ƙarfin Kwamfuta Da Hanyar Rage Shi

Manhajojin ƙari ƙananan manhajoji ne da ake liƙa wa burauza, kamar Chrome ko Firefox ko Edge, domin wani aiki na musamman: toshe talla, fassara shafi, gyaran rubutu ko adana kalmomin sirri. Da yawansu ba sa hutawa idan mai kwamfuta ya bar shafi ya koma wani. Suna ci gaba da aiki a shafukan da ke buɗe amma ba a kallonsu, suna cin ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafin na'ura. Alamominsa sanannu ne: kwamfuta ta yi zafi, fanka ta yi ta kuka, batir ya ƙare da wuri. Ga mai bin sakamakon zaɓe da shafuka da dama a buɗe, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan asara ce ta gaske.

Tushen matsalar

Manhajar ƙari takan yi aiki ta fuska biyu. Akwai ɓangaren da ke zaune a bayan fage yana jiran umarni, akwai kuma wanda ake cusawa cikin kowane shafin da aka ba ta izinin shiga. Idan an ba ta izinin dukkan shafuka, aka buɗe shafi 20, to aikinta ya ninku sau 20.

Kafin wannan zamani, babban mai laifi shi ne Flash na kamfanin Adobe. A watan Satumban 2015 Chrome ya fara dakatar da tallace-tallacen Flash har sai an latsa su, sannan Adobe ya daina kula da shi a ranar 31 ga Disamban 2020.

Matakan da masu burauza suka ɗauka

A watan Maris na 2017, Chrome 57 ya ƙayyade wa agogon aikin shafukan baya kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfin furosesa. A Janairun 2021, Chrome 88 ya ƙara tsaurarawa: shafin da ya wuce minti 5 a ɓoye, ana farkar da irin waɗannan ayyuka nasa sau ɗaya kawai a minti. An keɓe shafin da ke fitar da sauti ko ake kiran bidiyo a cikinsa. A watan ne kuma Edge ya fito da tsarin sanya shafuka barci. A Disamban 2022 Google ya sanar da Memory Saver da Energy Saver. Na biyun kan iya kama aiki idan batir ya sauko zuwa kashi 20. Sabon tsarin manhajojin ƙari mai suna Manifest V3 kuma yana kashe ɓangaren bayan fage idan ya yi kusan daƙiƙa 30 ba aiki.

Abin da mai kwamfuta zai iya yi

Matakin farko shi ne gano mai laifi. A kwamfuta mai Windows, danna Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager na Chrome, wanda ke jera shafuka da manhajojin ƙari da abin da suke ci. A Firefox ana rubuta about:processes a gurbin adireshi.

Na biyu shi ne rage izini. Tun daga Chrome 70, a Oktoban 2018, ana iya sa manhaja ta yi aiki sai an latsa ta, ko a wasu zaɓaɓɓun shafuka kawai. Na uku, a cire duk wadda aka daina amfani da ita. Na huɗu, a kunna tsarin barcin shafuka da ke cikin burauzar kanta.

Inda batun ya haɗu da tsaro

Cin furosesa ba koyaushe ba ne sakaci. Bayan ɓullar Coinhive a 2017, an samu manhajojin da ke haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da na'urorin jama'a, har Google ya haramta irinsu a shagonsa a Afrilun 2018. Haka kuma The Great Suspender, wadda aikinta shi ne dakatar da shafukan baya, ta koma hannun sabon mai shi a 2020, kuma a Fabrairun 2021 Google ya cire ta saboda tana ɗauke da mugun shiri, bayan ta tara masu amfani kimanin miliyan 2. Garin neman gira aka rasa ido.

Manhajar da ke da izinin shiga kowane shafi tana iya karanta abin da ke cikinsa, har da imel da saƙonni. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya, rage yawan manhajojin ƙari da taƙaita izininsu yana kare batir, yana kuma kare sirrin waɗanda yake magana da su.