Yadda gani ke tafiya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa

A garuruwa irin su Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato, akan sami yaron da ya warke daga sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, amma ya daina gani alhali idonsa garau yake. Likitoci sun ce dalili shi ne ido haske kawai yake karɓa, ƙwaƙwalwa ce ke gani.

Tun a ƙarni na 11, malamin nan Ibn al-Haytham ya bayyana a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga waje, kuma fahimtar abin da aka gani tana kammala ne a ƙwaƙwalwa.

Hanyar da saƙo ke bi

Haske yana sauka a kan wani tantani da ke can bayan ido, inda yake rikiɗa ya zama saƙon lantarki. Jijiyar gani, mai ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, ita ke kwasar saƙon.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin idanu biyu suna haɗuwa, kusan rabin zaruruwan kuma su tsallaka ɗaya ɓangaren. Saboda haka abin da ke hagun mutum, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke ganinsa. Shi ya sa mai shanyewar ɓarin jiki kan rasa ganin gefe guda da idanunsa duka biyu.

Daga nan saƙon yana ya da zango a wata cibiya cikin sashen da ake kira talamus, sannan ya isa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ƙeya. A can ya rabu biyu: wata hanya tana gane ko mene ne abin, ɗayar kuma inda yake da yadda yake motsi.

Binciken birai

Yawancin wannan ilimi an samo shi ne daga birai, saboda tsarin ganinsu ya yi kama da na mutum. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa idan aka rufe idon jaririn kyanwa ko biri a farkon rayuwarsa, idon ba ya komawa daidai ko da an buɗe shi daga baya, domin ƙwaƙwalwa ba ta koyi aiki da shi ba.

Abin da ya shafi iyaye

Wannan ne ya sa jaririn da aka haifa da yanar ido ko harara-garke yake bukatar likita da wuri, ba sai ya girma ba. Haka kuma hawan jinin ido yana cinye jijiyar gani a hankali, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Yankin Gobir yana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba lokacin zafi, kamar annobar 1996 da ta 2017 da ta shafi Sakkwato da Zamfara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon allurar rigakafi mai kariya daga nau'o'i biyar na cutar.

Matsalar tsaro ta sa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya yi wa mazauna yankin wuya. Duk da haka, zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ko farfaɗiya a jikin yaro alamu ne da ba sa jiran gobe.