Lotsewar maƙogwaro a ƙananan karnuka: alamomi, magani da tiyata

Lotsewar maƙogwaro cuta ce da ta fi kama ƙananan karnukan Turai da ake ajiyewa a cikin gida. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, likitocin dabbobi na kiranta collapsus trachéal. Ba a warkewa daga ita gaba ɗaya, amma kare kan yi shekaru da ita cikin sauƙi idan an kula da shi.

A Moshi Zango da sauran zangunan Kumasi, karen da aka saba da shi na gadi ne, wanda ake ɗaure wa sarƙa a wuya. Ɗan karen da bai wuce kilo 5 ba, wannan ɗauri na iya tayar masa da cutar ko ya tsananta ta.

Yadda take faruwa

Maƙogwaro bututu ne da ke kai iska zuwa huhu. Zobban guringuntsi masu siffar harafin C ne ke riƙe shi a buɗe. Idan zobban suka yi laushi, sai bututun ya lotse, hanyar iska ta tsuke. Likitoci sun kasa cutar mataki huɗu: tsukewar kashi 25 cikin 100, kashi 50, kashi 75, sai na ƙarshe da hanyar kan kusa rufewa.

An fi ganinta a nau'in Yorkshire terrier, Pomeranian, Chihuahua, Maltese, pug da ƙaramin poodle, galibi a wajen shekara 6 zuwa 7. Ƙiba, ciwon zuciya, hayaƙi da ƙura na ƙara mata ƙarfi.

Alamomi

Babbar alama ita ce busasshen tari mai ƙara kamar kukan dinya. Yakan taso idan kare ya yi zumuɗi, ya yi gudu, ya sha ruwa, ko an ja shi ta wuya. Idan harshe ko dasashinsa ya koma shuɗi-shuɗi, ko ya suma, a garzaya da shi wurin likita nan take.

Kada a sa hannu a bakin karen da ke kakari da zaton ƙashi ne ya maƙale masa. Ciwon haukan kare ma kan zo da wannan kama, kuma yana kashe mutum.

Bincike

Tari kaɗai bai isa shaida ba, domin ciwon zuciya da tarin da karnuka ke ɗauka daga juna na kama da ita. Likita kan ɗauki hoton wuya da ƙirji, wani lokaci ya zura ƙaramar kyamara cikin maƙogwaro bayan allurar barci. A Kumasi, ana iya fara neman shawara a asibitin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ko a makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar KNUST.

Magani

Da magani ake farawa. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 1994 kan karnuka 100 ya nuna 71 daga cikinsu sun samu sauƙi fiye da shekara guda ba tare da tiyata ba.

Likita kan ba da maganin kwantar da tari irin butorphanol ko hydrocodone, da prednisolone na ɗan lokaci don rage kumburi, da theophylline mai buɗe hanyoyin iska. Ana ƙara maganin ƙwayoyin cuta irin doxycycline idan wata cuta ta shiga. Kada a ba kare maganin tarin mutane ko ibuprofen daga kemis, domin suna iya yi masa lahani.

Rabin aikin kuwa a gida yake. A cire abin wuya, a sa masa ɗamarar ƙirji. A rage masa ƙiba. A nisanta shi da hayaƙin gawayi, turaren wuta, sigari da maganin sauro na kunnawa. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a rage fita da shi cikin ƙura. Mai tafiya da shi a mota zuwa Wagadugu ko Yamai ya guji zafin rana, ya riƙe maganinsa da katin rigakafinsa.

Tiyata

Ana komawa ga tiyata ne idan magani ya gaza, kare na fama da numfashi. Hanya biyu ce. Ta farko, a ɗinka zobban roba a bayan maƙogwaro, idan lotsewar a wuya take. Haɗarinta shi ne taɓa jijiyar da ke buɗe maƙoshi. Ta biyu, a zura ragar ƙarfen nitinol cikin bututun ta baki, ba tare da yanka ba. Ragar kan buɗe numfashi da sauri, amma tana iya karyewa ko gocewa, ko tsoka ta tsiro a bakinta.

Duka biyun aikin ƙwararru ne mai tsada, ba kowane asibitin dabbobi ke yin sa ba. Ko bayan tiyata, yawancin karnuka na ci gaba da tari da shan magani. Don haka mai kare ya tambayi likita matakin da cutar ta kai, da abin da zai ci gaba da kashewa kowane wata, kafin ya yanke shawara.