Sanyin Hunturu Da Birkin Motoci Masu Haɗa Fetur Da Lantarki

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci a Arewa suka ƙara karkata ga motocin da ke haɗa injin fetur da na lantarki, irin su Toyota Prius, wadda ta fara fitowa a Japan a 1997. Wani ɓangare na sirrin tsimin man da suke yi yana cikin birkinsu.

Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, injin lantarkin yakan rikiɗe ya zama janareta. Gudun tayoyi ne ke juya shi, wutar da ya samar ta koma batir, motar kuma ta rage gudu. Ƙarfin da zai salwanta a matsayin zafi sai ya dawo da amfani.

Sanyi yana rage wannan riba. Sinadaran batir sukan yi nauyin aiki idan suka yi sanyi, don haka kwamfutar motar take rage wutar da batirin zai karɓa, ta miƙa sauran aikin ga birkin da aka saba. Motar tana tsayawa lafiya, sai dai ta ƙara shan mai. A ƙasashe masu ƙanƙara kamar Kanada lamarin ya fi tsanani, domin cajin batirin litiyam a ƙasa da digiri 0 na Salshiyas yana lalata shi.

A Makera da sauran garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi, sanyin Disamba da Janairu ba ya kaiwa nan. Abin da direba zai lura da shi da asuba shi ne injin fetur ya daɗe yana aiki don ya ɗumama, birkin lantarkin kuma ya ɗan yi rauni, kafin komai ya daidaita bayan ɗan tafiya.

Babbar barazana a nan ita ce ƙurar hunturu. Tana toshe fankar da ke sanyaya batir, wadda ke zuƙar iska daga gefen kujerar baya a Prius. Idan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, batirin ya yi zafi, kwamfuta ta sake rage cajin, rayuwar batirin kuma ta gajarta.

Saboda haka, a riƙa taka birki tun daga nesa, a guji toshe mashigar iskar da kaya, a kuma sa makanike ya share fankar kafin watan Maris.