FASHIN BAƘI: Hutun zaɓe da kariyar mai kwarmato: Abin da doka ta bai wa ma'aikacin gwamnati

Ma'aikacin da ke zuwa aiki Sakatariyar Gwadangaji a Birnin Kebbi, alhali rumfar zaɓensa tana Argungu ko Zuru, yakan fuskanci tambayoyi biyu a rayuwar aikinsa. Shin yana da haƙƙin hutu domin ya je gida ya kaɗa ƙuri'a? Idan kuma ya ga ana karkatar da dukiyar jama'a a ofishinsu ya fallasa, wa zai tsaya masa? Amsar ta rataya ne a kan bambanci tsakanin doka da sanarwar gwamnati, domin doka ce kaɗai ake iya kafa hujja da ita a gaban alƙali.

Hutun zaɓe

A Najeriya ranar Asabar ake manyan zaɓuka. A 2023 an yi na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni ranar 18 ga Maris. A Kebbi zaɓen gwamna bai kammala ba sai ranar 15 ga Afrilu, inda Nasir Idris ya yi nasara. Da yake ba a aikin ofis ranar Asabar, dokar zaɓe ba ta ware wa ma'aikaci wani hutu na musamman ba.

Matsalar tana wajen tafiya. Mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da ya yi rajista, kuma 'yan sanda na hana zirga-zirgar motoci a ranar, don haka wanda rumfarsa ke nesa dole ya kama hanya tun Juma'a. Gwamnatin Tarayya ta taɓa bayar da hutu ranar Juma'a, 22 ga Fabrairu, 2019, bayan an ɗage zaɓe da mako guda. Gwamnoni ma kan bayar da hutun karɓar katin zaɓe. Duk wannan alfarma ce, mai bayarwa na iya hanawa. Mafita mai ɗorewa ita ce ma'aikaci ya nemi INEC ta mayar da rajistarsa kusa da inda yake zaune, a lokacin da aka buɗe rajista.

Akwai waɗanda aikin zaɓen kansa ke hana su zaɓe: jami'an tsaro, ma'aikatan wucin gadi na INEC da ma'aikatan asibiti masu jiran ko-ta-kwana. Har zuwa zaɓen 2023 babu tsarin da zai ba su damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar, irin wanda Ghana ke yi wa jami'anta.

Wanda kuma ke son tsayawa takara, Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta masa ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.

Tsarin kwarmato na 2016

A Disambar 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, zamanin minista Kemi Adeosun. An yi alƙawarin bai wa wanda bayaninsa ya kai ga ƙwato kuɗi ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100. Mafi shahara a cikin abin da ya biyo baya shi ne dala miliyan 43 da EFCC ta gano a wani gida a Ikoyi, Legas, a Afrilun 2017. Ko a nan ma sai da aka shafe watanni ana ja-in-ja kafin a biya ladan.

Sai dai tsarin bai zama doka ba. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kare masu kwarmato a 2017, amma bai kai ga sa hannun shugaban ƙasa ba. Majalisar Zartaswa ta amince da wani sabon ƙudiri a Disambar 2022, shi ma wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a Yunin 2023 ba tare da ya zama doka ba. Ghana ta yi irin wannan doka tun 2006, Afirka ta Kudu tun 2000.

Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya ɗanɗana illar wannan giɓi. Bayan ya kai rahoton zargin karkatar da kuɗi, an raba shi da aikinsa a farkon 2017. Sai da ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida suka matsa lamba aka mayar da shi.

Dokokin da za a iya jingina da su

Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare jami'in da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa saɓa doka ne, ko almubazzaranci, ko zamba, ko barazana ga lafiyar jama'a, ko da bai nemi izini ba. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba za ta hau kansa ba. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta 2011 ba ta shafe su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025, a wata ƙara daga Jihar Edo, cewa ta shafi kowane matakin gwamnati. Ke nan ma'aikacin Kebbi da na ƙananan hukumominta 21 suna ciki.

Dokokin ICPC da EFCC sun tanadi ɓoye sunan mai bayar da bayani, sun kuma tanadi hukunci ga wanda ya yi ƙage da gangan. Ofishin shiyya na EFCC da ke Sakkwato ne ke kula da Kebbi.

Waɗannan dokoki na kare mutum daga tuhuma. Ba su fayyace abin da za a yi wa shugaban da ya rama ta hanyar tura ma'aikaci ƙauye mai nisa, ko danne masa ƙarin girma, ko dakatar da albashinsa ba. Wanda haka ta faru da shi sai ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Tsarin Mulki ya ba ta hurumin shari'ar aiki, ko Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a.

Kafin a buɗe baki

Rigakafi ya fi magani. Mai niyyar kwarmato ya tabbatar da hujjarsa a rubuce take, da kwanan wata da adadin kuɗi, kuma ya bambance abin da ya gani da abin da ya ji. Ya miƙa ƙorafinsa ga hukumar da ke da hurumin bincike, ya karɓi shaidar miƙawa, maimakon ya fara da Facebook, inda za a iya maka shi kotu kan ɓata suna. Ya adana takardun ɗaukarsa aiki da na ƙarin girma, domin su ne za su nuna yadda ake tafiya da shi kafin ya yi magana. Ya kuma tuntuɓi lauya ko ƙungiyar ƙwadagonsa tun kafin takardar tuhuma ta iso teburinsa.