Ciwon Apandisit: Yadda Hoton Ciki Yake Taimakon Likita

A gefen dama na ciki, ƙasa da cibiya, akwai wani ɗan zirin hanji mai kama da wutsiya, manne da farkon babban hanji. Tsawonsa kamar yatsa ne, kuma ba shi da mafita. Idan bakinsa ya toshe, sai ya kumbura, ya tara mugunya. Wannan shi ne ciwon da ake kira apandisit a Nijar, a Najeriya kuma afendis. Ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, amma dattijo ma bai tsira ba.

Galibi ciwon yakan fara a kewayen cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara dama ya tsaya. Abinci ya fita ran mutum, ga tashin zuciya da ɗan zazzaɓi. Tari ko girgizar amalanke sai su ƙara masa zafi. Idan an yi jinkiri, musamman an kai kwana biyu, zirin yana iya fashewa, mugunya ta watsu cikin ciki. Daga nan rai yana cikin haɗari.

Matsalar ita ce, cututtuka da dama suna ɗaukar wannan kama: zazzaɓin taifot, tsakuwar ƙoda, ciwon mara na mata, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Don haka likita yakan fara da tambayoyi, ya taɓa ciki, ya sa a auna jini, mace kuma a yi mata gwajin ciki. Idan shakka ta saura, sai hoto.

Ekogarafi

Matanmu sun san wannan na'ura daga awon ciki. Ita ce dai ake dubawa da ita. Da sauti take aiki, wanda kunne ba ya ji, saboda haka ba ta cutar da mai juna biyu. Ana shafa mai, a ɗora kan na'urar inda ciwo ya fi tsanani, a riƙa dannawa sannu a hankali. Wani likitan ƙasar Holan, Julien Puylaert, ya bayyana wannan dabara a 1986. Lafiyayyen hanji yakan lotsa idan an danna shi. Ziri mai ciwo kuwa ba ya lotsawa, kuma kaurinsa yakan wuce milimita 6. Dannawar da zafi, amma a daure, zafin kansa ishara ne ga mai dubawa.

Sai dai akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe. A wajen mai ƙiba, ko wanda iska ta cika wa hanji, ko wanda zirinsa ya ɓuya bayan babban hanji, na'urar kan kasa hango shi. In an ce "ba a gan shi ba", ba a ce "ba ciwo" ba. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, su naɗe takarda su koma gida. Idan likita ya ce a kwana a sake dubawa, a kwana.

Radiyo da sikana

Hoton radiyo, irin na karaya, ba ya nuna zirin sosai. Amfaninsa shi ne nuna toshewar hanji, ko iskar da ta tsere idan taifot ya huda shi.

Sikana ita ce ta fi tabbaci ga babban mutum: cikin masu ciwon 100, tana gano kimanin 95, har ta nuna ko zirin ya fashe. Amma tana da tsada, tana aiki da haske irin na radiyo mai yawa, kuma sai a manyan asibitoci kamar na Yamai da Sakkwato. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400. Mai alamomi bayyanannu ba ya bukatar wannan tafiya. Likitocin tiyata sun daɗe suna yanke shawara da hannu da awon jini tun kafin a ƙera sikana.

Ina za a nufa?

Mutumin gundumar Ƙonni, Malbaza ko Illela ya fara da gidan likita mafi kusa, ya karɓi takardar turawa zuwa inda ake tiyata. Akwai asibitin gunduma a Birnin Ƙonni, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da babban asibitin jiha a Tawa. Kafin a isa, kada a ba shi abinci ko fura, domin aikin yana son ciki ba komai. Kada a ba shi jiƙon wanke ciki, kada a kai shi wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho. Idan ya riga ya sha wani magani, a tafi da kwalinsa, a kuma faɗa wa likita lokacin da ciwon ya fara.