Shekarar da Karar Talata Mafara Ta Yi Tsit

Tun zamanin da, cinikin dabba a ƙasar Zamfara kan shaida ya dogara: dillali ya san mai saniya, shi ake tuhuma in ta zamo ta sata. Da satar shanu ta ta'azzara, Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, ya rufe kasuwannin mako-mako, ya hana safarar dabbobi daga Satumba 2021, don toshe wa 'yan bindiga kafar sayarwa. Sai dai dokar ba ta bambanta ɓarawo da mai kiwon halal ba. Matar da ta turke rago a Bakura don sayen hatsi ta rasa kasuwa, mahauci ya rasa na yanka. Cinikin bayan gari kuwa, babu dillali balle shaida.